Idan Ruwa Ya Kai Idon Sawu

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, tun yammacin da ka zauna kusa da ni a dakalin ƙofar gida ka nuna mini bidiyon nan a wayarka, na jirgin sama da ke kutsawa cikin hadari yana watsa masa gishiri domin ya saki ruwa, maganar ba ta bar raina ba. Ka ce mini wannan ma somin taɓi ne, wai akwai masanan da ke shawarar a fesa wani abu can ƙololuwar sama domin a rage wa rana kaifi, duniya ta ɗan huce. Na ga yadda fuskarka ta washe kana ba ni labari, shi ya sa ban katse maka hanzari ba, domin ɗokin yaro a kan ilimi abin tattali ne, babban da ya kashe shi ya yi ɓarna. Amma na ce maka za mu sake zama, ga shi kuwa Allah ya kawo mu, saboda haka ka ba ni aron hankalinka kaɗan.

Da rijiya zan fara, domin ita na fi sani. Lokacin da muka tare a Gyadi-Gyadi, famfo yakan zo yau ya ɗauke gobe, saboda haka rijiya ce madogara, kuma a layinmu ta wani dattijo maƙwabcina ta fi kowacce daɗin ruwa da jure rani. Ƙofar gidansa ba ta rufuwa daga asuba har isha. Yara su yi sallama da bokitinsu, su durƙusa su gaida matan gida, su zura guga su ja, wanda ya yi ɓarin ruwa a tsakar gida a yi masa faɗa kamar ɗan gida. Shi mai rijiya bai taɓa goranta wa kowa ba, mu kuma masu ɗiba mun san cewa wanda kake shan ruwansa ba ka ɗaga masa murya a kan iyakar katanga ko faɗan yara. Rijiyar nan ta kashe rigingimu da yawa tun ba su tashi ba.

Sai zamanin bohol ya zo. Da na sami ɗan hali ni ma na kira masu haƙa, mota ta kwana biyu tana ruri a ƙofar gida, aka zura sumo, aka ɗora tanki, iyalina suka huta, na gode wa Allah. Ba a yi shekara biyu ba layin ya sami bohol biyar ko shida. A bazarar da ta biyo baya, rijiyar dattijon nan, wadda ba mu taɓa ganin ƙasanta ba, ta soma ba da taɓo tun watan Maris. Bai ce da ni uffan ba har ya koma ga Mahaliccinsa, Allah ya jiƙansa da rahama. A bakin titi na gane, ranar da na ga jikokinsa sun tare ɗan garuwa suna cinikin jarka.

Na shawarci mai haƙa, na shawarci mai haɗa wuta, na yi lissafin kuɗi har sau uku, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai in taka in gaya wa mutumin da na shekara goma ina shan ruwansa ba. Alhali da indararo zan juya ya fuskanci katangarsa, da sai na je da sallama da ban-haƙuri tukuna, domin indararo kowa na ganinsa, kuma zan ji kunyar idon unguwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ba mai ganin tafiyarsa, saboda haka kunyata ba ta motsa ba. Zuciyata tana nan yadda take, ɗana, injin ne ya ɗauke cutarwar daga inda ido ke kaiwa, kunya kuma ido take bi. Daga baya na fito da kan famfo ta jikin katanga domin ƴan layi, ana sha har yau, amma hakan bai mayar masa da rijiyarsa ba, bai kuma mayar mana da gaisuwar nan ta asuba ba.

In ka zaga Tarauni da Darmanawa da Unguwa Uku kana lura, za ka ga irin wannan ko'ina. Na'urar sanyaya ɗaki fuskarta na ɗaka, bayanta na lungu, tana hura wa tagar maƙwabci zafin da ta kwaso. Kududdufan da ke shanye ruwan damina an cike su an yi gini, tsakar gida an malale ta da siminti, saboda haka ruwan da ƙasa ke sha a da, yanzu gidan da ya fi gangare yake nufa. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a irin wannan harka wani ke ɗebowa, bakin wani ke ƙuna.

Ɗaga kai kaɗan ka dubi abin da ya fi layinmu girma. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse Kogin Kano a Tiga, aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya gama gasa ƙasar Hausa, sannan aka ƙara da madatsar Challawa ta Ƙaraye a 1992. Ba za ka ji na zagi Tiga ba, domin shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da ruwan da ake tacewa a Tamburawa duk albarkacinta ne, kuma waɗanda suka gina ta sun ga yunwa da idonsu, alheri suka nufa. Sai dai kogin bai ƙare a Kano ba. Yana haɗuwa da Challawa ya zama Kogin Haɗeja, ya wuce ta Wudil, ya je ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda tun kaka da kakanni ambaliyar damina ke shimfiɗuwa ta janye, ta bar wa manomi danshi, ta bar wa masunci kifi, ta bar wa Bafulatani ciyawar rani, ta kuma ɗaga ruwan rijiyoyi. Da aka riƙe ruwan a sama ana sakinsa kaɗan-kaɗan rani da damina, ga fari kuma ya haɗu a kai, sai ambaliyar ta ragu, hanyoyin ruwan da suka daina bushewa suka cika da kacalla, ta toshe su, ruwa ya kwanta inda ba a so ya ƙi zuwa inda ake jira, tsuntsun jan-baki ma ya sami maɓoya a cikinta yana faɗa wa gonaki. A 1998 wasu masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka auna ribar noman rani na sama da asarar fadamun ƙasa, suka tarar ribar ba ta biya asarar ba. Masuncin Nguru ba da shi aka yi shawara ba, kamar yadda ban yi da maƙwabcina ba.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, akwai hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke a kan ruwan kwarin Mahzur da na Muzainib a Madina, cewa mai gonar sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. Ka duba taushin wannan hukunci. Bai ce na sama ya bar dabinonsa ya bushe ba, amma ya sa masa ma'auni a jikinsa, wanda zai ji da ƙafarsa in ya tsaya cikin gona, kuma na ƙasa yana nan tsaye yana kallo, gobe za su haɗu a masallaci. Abin da ya same mu shi ne hannunmu ya yi tsawon da na ƙasa ya ɓace mana, yana can nisan kilomita ɗaruruwa, ba ya ganinmu ba ma ganinsa, saboda haka sai wanda ya nemi idon sawun da kansa ne zai same shi.

Yanzu mu zo ga jirginka. Abin ba sabo ba ne, kuma a maƙwabta yake. Burkina Faso ta soma shirinta mai suna Saaga a 1998 da taimakon Maroko, Mali ta bi da nata a 2006, Nijar kuma ta tashi jirgi a watan Agustan 2022. Jirgin ba ya ƙirƙirar gajimare, hadarin da ya riga ya haɗu yake nema, ya watsa masa ƙwayoyin gishiri ko wani sinadarin azurfa domin laimar da ke cikinsa ta sami abin kamawa ta yi nauyi ta faɗo, kuma har yau masana na jayayya a kan yawan ruwan da hakan ke ƙarawa. Ni ba na cikin masu cewa wannan ja da ikon Allah ne, domin mai haƙa rijiya da mai ban-ruwa da mai shan magani duk sababi suke riƙo, fatawa kuma ta malamai ce. Damuwata daban ce. Kai ɗan Kano ne, ka san hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nausa yamma, saboda haka in an tatse shi a kan gonar wani, wanda ke yamma da shi zai yi tambaya, ko da a gaskiya ba a rage masa komai ba.

Ka tuna yadda muke yi in ruwa ya ɗauke bayan shuka. A yi shela, a fita filin idi da tsofaffin tufafi, yara da manya, liman ya juya mayafinsa, kafin nan kuma an yi ta jan kunne cewa a tuba, a yi sadaka, a mayar da haƙƙin mutane, mai tauye mudu ya daina. Ko ruwa ya sauka a ranar ko ya jinkirta, gari ya riga ya binciki kansa, attajiri da almajiri sun tsaya sahu ɗaya kowa hannunsa a sama. Fari a wancan tsari yana sa mutum ya tambayi kansa me ya aikata. Ranar da aka ce ruwa yana hannun mai jirgi, tambayar za ta koma wa ya yi mana, haƙuri ya koma zargi. An riga an soma gani, domin a 2018 wani janar na Iran ya fito fili ya zargi Isra'ila da satar gajimaren ƙasarsa, duk da masana yanayin ƙasar sun musanta, kuma da ambaliya ta ci Dubai a Afrilun 2024, nan da nan mutane suka ɗora wa jiragen shukar gajimare, masana na cewa ba su ba ne. Zargin ma ba daga iska ya faɗo ba, domin daga 1967 zuwa 1972 sojan Amurka sun yi ta watsa wa gajimare sinadari a yaƙin Biyetnam don hanyoyin abokan gaba su cika da taɓo, abin da ya kai ga yarjejeniyar 1977 ta hana mayar da yanayi makami.

Na biyun, na rage kaifin rana, shi ya fi tsaya mini a rai. Daga dutse mai aman wuta aka koyo shi. A watan Yunin 1991 Dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya fashe, ya watsa hayaƙin farar wuta tan miliyan 15 zuwa 20 can sama da inda gajimare ke kaiwa, hayaƙin ya zama kamar siririn labule tsakaninmu da rana, duniya ta huce da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. A 2006 Paul Crutzen, masanin da ya ci kyautar Nobel, ya rubuta cewa tunda ƙasashe sun kasa rage iskar kabon da ƙona fetur da kwal da gas ke fitarwa, ya kamata a duba yiwuwar yin irin wannan labule da gangan. Tun daga nan maganar ke girma, har a 2025 wata hukumar binciken gwamnatin Birtaniya mai suna ARIA ta ware sama da fam miliyan 50 domin nazarin hanyoyin sanyaya duniya.

To, ɗana, a wannan lissafin mu ne Nguru. Daminarmu ɗamarar ruwa ce da ke hawowa daga kudu tana bin ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi, saboda haka in arewacin duniya ya yi sanyi fiye da kudanci, sai ta toge ba ta iso mu sosai ba. A 2013 Jim Haywood na ofishin yanayin Birtaniya da abokan aikinsa suka nuna cewa uku daga cikin damuna huɗu mafi bushewa a yankin Sahel tsakanin 1900 da 2010 sun biyo bayan aman manyan duwatsu a arewacin duniya. Dutsen Katmai na Alaska ya fashe a 1912, daminar 1913 ta ƙi, Kano ta faɗa cikin yunwar da kakanninmu ke kira Kakalaba, harajin Turawa kuma ya ƙara mata nauyi. El Chichón na Meksiko ya fashe a 1982, ni kuwa da idona na ga abin da 1983 da 1984 suka yi, na ga mutanen arewa da mu sun cika tashoshi da ƙofofin masallatai bayan dabbobinsu sun ƙare a hanya. Masana da dama sun ƙara da cewa hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka a wancan zamani ya taimaka wajen tura ruwanmu kudu. Ka ga ke nan an taɓa rataya mana wannan labule ba da gangan ba, mun kuma san ɗanɗanonsa.

Lissafin su Haywood ya nuna wani abu kuma da ya fi wannan gwada hali. In a kudancin duniya aka yi feshin, mu za mu sami ruwa, Sahel ta yi shar, amma manoman arewa maso gabashin Brazil su ne ruwansu zai ragu. A nan nake so ka tsaya ka tambayi zuciyarka, domin kukan zalunci ba shi da wuya ga wanda ke ƙarshen kwari. Ranar da aka ce maka ga damina mai albarka ga Kano da Katsina da Maraɗi, wanda zai biya kuma ba ka san sunansa ba, ba ka jin yarensa, ba za ka taɓa ganin jikokinsa na cinikin jarka ba, a ranar za a san ko ka fi ni a ranar da na kira masu bohol, kuma addu'ata ke nan ka fi ni.

Sannan feshin ba ya kwashe iskar kabon da ta jawo zafin, rufe ta kawai yake, kamar mai shafa farar ƙasa a soron da gara ta cinye wa azara. Ƙurar da aka fesa tana faɗowa cikin shekara ɗaya ko biyu, saboda haka dole a yi ta sabunta ta ba fashi, kuma ranar da yaƙi ko rigima ko rashin kuɗi ya sa aka daina, zafin da aka danne zai taso gaba ɗaya cikin ƴan shekaru, da saurin da shuka da dabba ba za su iya bi ba. Bashi ne da za a ci da sunan jikokinka. Ina kuma tsoron abin da zai yi wa halin masu hayaƙin kansu, domin mutum in ya san akwai mai share masa ɓarna, hannunsa yakan saki, alhali Afirka duka abin da take fitarwa na iskar nan bai wuce kashi 4 cikin 100 ba.

Maganar neman izini ita ce dai ke dawowa. A 2022 wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Make Sunsets ya saki balan-balan ɗauke da farar wuta a Meksiko ba tare da ya sallama wa kowa ba, gwamnatin ƙasar ta sanar da hani a Janairun 2023. A Suwidin kuwa, a 2021, ƴan ƙabilar Sami, waɗanda kiwo ne gadonsu kamar Fulaninmu, suka ce ba su yarda Jami'ar Harvard ta yi gwajinta a samaniyarsu ba, aka fasa, a 2024 aka rufe shirin baki ɗaya. Ministocin muhalli na Afirka, a taronsu na Adis Ababa a Agustan 2023, sun nemi duniya ta ƙulla yarjejeniyar ƙin amfani da wannan dabara, suka kuma tsaya a kan bakansu a taron Nairobi na 2024. A ganina sun yi daidai, domin bai kamata a zura sumo ba tun ba a san wa ke da ikon kashe shi, wa kuma zai biya mai rijiya ba.

Kada ka ɗauka ban san zafi ba. Azumin 2024 bai bar kowa ba, a garin Kayes na Mali ma'auni ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, a nan Gyadi-Gyadi kuma mun ga yadda tsofaffi suka galabaita, ƙanƙara ta zama abin layi kafin shan ruwa. Ita ma uwar da ke kwana a tsakar gida tana yi wa jariri fifita in an ɗauke wuta, ba zan ce mata haƙuri kaɗai ne magani ba, kuma wanda ya ce a nemi mafita ba maƙiyinmu ba ne. Amma akwai gyaran yanayin da aka yi kusa da mu ba da jirgi ba. Tun bayan farin 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, wato maimakon a tone kututture a ƙone, sai a bar tohonsa, a zaɓi mai ƙarfi a yi masa aski ya tashi. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5, da yawansu gawo ne, mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi inuwa da rani. Dabarar ba ta tafiya sai an zauna da maƙwabcin gona da makiyayi da mai saran itace an yi alkawari, domin itacen da ka raina wani na iya sare shi da dare. Ita ƙara wa mutane buƙatar juna take yi, bohol ɗina kuwa rage ta ya yi, kuma da wannan nake auna duk sabuwar dabarar da aka kawo mini labarinta.

Saboda haka ka yi karatun yanayi, ka yi shi da gaske, domin in ba mu da namu masu iya lissafin iska da gajimare, wasu za su yi mana lissafin su aiko mana da sakamako. Amma kafin ka rubuta kundin kammala karatunka ina roƙonka abu ɗaya. Ka hau motar Haɗeja, ka wuce har Nguru, ka kwana biyu wurin masunta, ka gaishe su da ladabi, ka tambayi dattawansu yadda ruwa yake kafin Tiga, sannan ka yi shiru ka saurara. Kuɗin mota yana wuyana. Yanzu tashi ka kunna sumo tun ba a ɗauke wuta ba, tankin waje ya yi ƙasa, kuma ƴan layi za su zo da bokitinsu bayan magariba.